Yadda Za Ka Tsara Hutun Kwana Biyu a Zariya Kai Kaɗai, Abinci Ya Zama Jagoranka

Bahaushe bai saba ɗaukar jaka don cin abinci kawai ba. Idan ya yi tafiya, to ko biki ne, ko ta'aziyya, ko dubiya, ko fatauci, ko neman ilimi, kuma duk inda ya sauka akwai gidan da za a miƙo masa kwano. Amma ma'aikacin da ya yi watanni bai huta ba, da ɗan kasuwar da kullum yake rumfa daga safe har magariba, suna da damar ware kwana biyu su tafi wani gari ba don sabgar kowa ba, su ci abin da ransu yake so, su yi barci isasshe, su dawo. Zariya ta dace da irin wannan tafiya, domin tana kan hanyar Kaduna da Kano da Funtuwa, kuma gari ne na 'yan makaranta da malamai da baƙi, inda ganin mutum yana cin abinci shi kaɗai ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne kowane abinci yana da lokacinsa, kuma a kan waɗannan lokuta za ka gina tafiyarka. Waina da ƙosai da koko na safe ne. Fate da dambu da ɗanwake daga hantsi suke fitowa zuwa azahar. Fura da nono ta tsakar rana ce, tsire da balangu kuma sai la'asar ta yi sanyi, sannan teburin mai shayi ya karɓi dare. Wanda ya rubuta jerin wuraren da zai ziyarta ya bar cin abinci sai inda yunwa ta same shi, zai isa wurin mai waina bayan an kife tanda, ya je wurin mai tsire kafin a hura wuta, ya ƙare da biredi da lemon kwalba. Saboda haka fara rubuta abinci huɗu ko biyar da kake son ci, ka sa wa kowanne lokacinsa, sannan ka duba abin da za ka kalla a tsakani. Kada jerin ya wuce haka, domin ciki ɗaya gare ka, kuma hutu ka zo yi.

Daga nan sai ka fahimci shimfiɗar garin, domin Zariya garuruwa ne da dama a haɗe. Akwai Birni, wato cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau take da tsofaffin unguwanni irin su Kwarbai da Limancin Kona, kuma ana shiga ta ƙofofi kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Akwai Tudun Wada, wadda ta kafu a zamanin Turawa don 'yan Arewa da suka zo daga wasu garuruwa. Akwai Sabon Gari, wanda zuwan jirgin ƙasa ya raya, ya tara Yarbawa da Ibo da sauran mutanen Kudu tare da girke-girkensu. Sai Samaru, mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, wadda ke da nisan fiye da kilomita 10 daga Birni. Kowane ɓangare da irin abincinsa da farashinsa, don haka ka ba kowanne rabin yini. Yin karin kumallo a Birni, abincin rana a Samaru, sannan a koma Tudun Wada shan fura, wahala ce da za ta cinye yinin a cikin Keke Napep.

Zaɓen lokacin shekara ma yana da tasiri a kan abin da za ka samu. A ganina babu kamar daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu. Kaka ta yi, sabon hatsi ya shigo kasuwa, kayan lambun rani daga fadamun kogin Galma sun fara zuwa, wato tumatir da karas da kabeji da latas, rake ya yi zaƙi, kuma sanyin hunturu yana sa a ji daɗin abinci mai zafi. Sai dai sanyin Zariya a Disamba da Janairu ba na wasa ba ne, don haka ka sa rigar sanyi da man shafawa a jaka. A watannin Maris da Afrilu zafi yana tsananta, amma lokacin mangwaro ne da fura mai sanyi. Damina tana da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa da ɗanyen ganyen miya, sai dai ruwan Agusta yana iya tsare ka a ɗaki ya hana masu tsire fitowa. Watan azumi bai dace da wannan tsari ba tunda babu abincin rana, haka kuma kwanakin Sallah, lokacin da garin yake cika da masu kallon hawa. Ka kuma bincika ko jami'a na bikin yaye ɗalibai, ko Depot, wato makarantar horar da sojoji, na yaye sababbin sojoji, domin a irin waɗannan ranaku samun ɗaki yana wuya.

Akwai wata shawara da ya kamata ka yanke tun kana gida, wato ko za ka sanar da 'yan uwa da abokan da kake da su a Zariya. Zumunci wajibi ne, kuma ba daidai ba ne mutum ya shiga gari ya fita a ɓoye. Amma idan ka sanar tun ranar farko, za a hana ka kwana a masauki, za a yi ta aiko maka da kuloli, kuma ba ka da bakin cewa ka ƙoshi. Hanya mafi kyau ita ce ka ware wa zumunci lokaci guda, ka kira kafin ka taso ka faɗi gaskiya cewa hutu ka zo yi kuma ka riga ka kama ɗaki, sannan ka nemi alfarmar cin abincin rana ɗaya a gidan. Wannan zai yi maka amfani, kamar yadda za ka gani idan mun zo maganar fate.

Batun hanya ba shi da tsawo. Daga Kaduna tafiyar kimanin kilomita 80 ce, kuma ana samun mota a tashar Kawo. Mai tasowa daga Abuja yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa Rigasa, sannan ya nemi motar Zariya. Daga Kano ana hawa a Unguwa Uku. Ko daga ina ka fito, ka taso da wuri yadda za ka isa da sauran rana, kuma ka gaya wa direba inda za ka sauka, ko Ɗanmagaji ko Kwangila, gwargwadon inda masaukinka yake. Shi kuwa masauki, ka neme shi a tsakiya, wajen GRA ko PZ ko kusa da unguwar Kongo, domin daga nan Birni da Tudun Wada da Sabon Gari duk ba su da nisa. Kafin ka biya, ka tambayi awannin da ake kunna janareta ko akwai sola, ka buɗe famfo ka ga ruwa da idonka, ka kuma tambayi lokacin da ake rufe ƙofa da dare. Kada ka biya kuɗin ɗakin da ya haɗa da karin kumallo, tunda a waje za ka karya.

Kuɗinka ka kasa shi uku: na mota, na ɗaki, da na ci da tsaraba, sannan ka ajiye na komawa gida daban kada ka taɓa shi. Ka tanadi canji na 'yan ₦200 da ₦500, domin mai ƙosai da mai fura da yawa ba sa karɓar tiransifa, kuma ko masu karɓa, idan sabis ya ɗauke sai ka tsaya jira da abinci a hannu.

A ce ka iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kada ka ɗora wa wannan yammacin komai face nama. Ka yi wanka, ka huta, bayan sallar magariba ka fita neman mai tsire. Alamar na kirki ba ta ɓuya: mutanen unguwa suna tsaye suna jira, wuta tana ci, nama yana ƙarewa ana ɗora sabo. Ka yi sallama, ka ce, "Malam, sannu da aiki, a ba ni ɗanɗano." Al'ada ce, zai yanko maka. Idan ya yi maka, ka faɗi na nawa kake so, ka roƙi a mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai, a zuba yaji a gefe maimakon a barbaɗe shi duka, domin ka fara jin ɗanɗanon naman kansa. Tsire yankakken nama ne falle-falle da aka soke a tsinke aka shafe da ƙuli-ƙuli, shi kuwa balangu gunduwa-gunduwa ake gasa shi ba tsinke, kuma ya fi romo da kitse. Ka sayi kaɗan daga kowanne, da albasa da tumatir, ka zauna a bencin wurin ka ci da zafinsa. Naman da aka ƙunshe aka kai ɗaki ya riga ya rasa rabin daɗinsa.

Safiyar Asabar ta Birni ce ko Tudun Wada. Ka fita tsakanin ƙarfe 7 da 8, ka nemi inda mata ke toya waina a ƙofar gida. Wainar shinkafa mai kyau gefenta yana da ɗan ƙarfi, cikinta da laushi da ƙananan ramuka, da ɗan tsamin kwanan ƙullu wanda bai yi yawa ba. Ka ci ta da miyar taushe idan akwai, domin zaƙin kabewa da gyaɗa da ɗan tsamin yakuwa su ne abokan tafiyarta, in kuwa babu, ƙuli-ƙuli da mai ma sun wadatar. Wanda ya fi son abu mai sauƙi sai ya nemi koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko kunun tsamiya. Ka ce wa mai sayarwa "Hajiya" ko "Iya" gwargwadon shekarunta, ka gaishe ta kafin ka miƙa kuɗi. Abu mai muhimmanci shi ne ka tashi da sauran wuri a cikinka, domin babban abincin yinin yana gaba.

Wannan babban abinci shi ne fate. Kanawa sun daɗe suna tsokanar Zage-zagi da shan fate, Zage-zagi kuma ba su taɓa jin kunyar hakan ba, kuma suna da gaskiya. Faten tsaki abinci ne da ake yi da ɓarzajjiyar masara, a dafa ta cikin ruwan da aka haɗa da jajjagen tumatir da attaruhu da albasa da daddawa, a sa ƙashi ko busasshen kifi, wasu su ƙara wake ko dakakkiyar gyaɗa, sannan a zuba ganye da yawa, yakuwa da alayyafo ko rama, tare da gauta. Daɗinsa yana cikin daidaito: tsamin yakuwa ya fito ba tare da ya danne komai ba, ɗacin gauta ya tsaya a baya, tsakin ya nuna ba tare da ya narke ya zama kunu ba, kaurin kuma ya kasance yadda cokali zai ɗauka ya zuba a hankali. Idan ya yi ruwa da yawa an cuci mai sha, idan ya yi tauri ya koma wani abu daban. Da zafinsa ake shan sa, wasu da ɗan man shanu ko yankakkiyar albasa a kai, kuma yana sa gumi ko da a cikin hunturu.

Matsalar baƙo ita ce fate abincin gida ne kafin ya zama na sayarwa, kuma manyan gidajen abinci masu gilashi ba kasafai suke yin sa ba. A nan ne alfarmar da ka nema wurin 'yan uwa za ta biya ka: ka ce fate kake so, ba shinkafa da kaza ba, ko da uwar gida za ta ce wannan ba abincin baƙo ba ne. Idan ba ka da kowa a garin, to da ɗan gari akan ci gari. Ka tambayi mai gadin masaukinka, ko direban Keke, ko tela a bakin kasuwa, kuma ka iya tambayar. Kada ka ce ina ne wurin abinci mai kyau, domin za a nuna maka inda ake ganin ya dace da mai kuɗi. Ka ce, "Baba, don Allah idan kai za ka sha fate yau, ina za ka je?" Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, ka nufi can kafin azahar, domin tukunya ɗaya ake yi, in ta ƙare sai gobe. Idan ba a dace ba, dambun tsaki da zogale, wanda aka turara ya yi washar-washar aka zuba masa soyayyen mai da albasa, zai maye gurbinsa ba tare da ka yi asara ba.

Bayan azahar ka koma ɗaki ka kwanta. Wannan hutun yana cikin tsarin, kada ka cike shi da yawo. Idan ka tashi kana son abu mai sanyi, lokacin fura ne. Matan Fulani suna zama da ƙoransu a gefen kasuwannin Tudun Wada da Sabon Gari, akwai kuma shagunan da ke dama ta da na'ura su sa a firiji. Ta ƙwarya ta fi ƙamshin gero da citta da kanumfari, ta shago kuma ta fi kwantar da hankalin mai tsoron ruwan da aka dama da shi. Ko wacce ka zaɓa, ka nemi kindirmo, wato nonon da aka dafa madararsa kafin ya yi tsami, ka ce a dama a gabanka, sukari kuma kai za ka faɗi adadinsa.

Da la'asar sai ka taka ƙafa don abincin ya faɗa. Kana iya shiga Birni ta Ƙofar Doka ka bi har shataletalen Babban Dodo, ka ga ƙofar fada da zanen da ke jikinta, da harabar Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutane ko na dogarai. Wanda ya fi son fili sai ya nufi Wusasa ya hangi Dutsen Kufena, amma ya juyo kafin duhu. Ɗaya za ka zaɓa, ba duka biyun ba.

Daren Asabar ka ba Sabon Gari. A nan za ka sami amala da miyar ewedu, da sakwara da miyar agushi, da farfesun kayan ciki ko na ƙafar sa, da gasasshen kifi. Idan kana da shakka a kan irin naman ko yankansa, ka tambaya kai tsaye, ba wanda zai ji haushi, domin mutanen wurin sun saba da zama da juna. In kuwa ranka tuwo yake so, ka nemi tuwon masara ko na dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa da man shanu a Tudun Wada. Ka rufe daren a teburin mai shayi kusa da masaukinka, ka ce a haɗa maka mai citta, kauri ko ruwa-ruwa yadda kake so. Teburin mai shayi shi ne wurin da baƙo ya fi saurin samun abokin hira, kuma a nan za ka ji inda ya kamata ka karya gobe.

Cin abinci kai kaɗai yana da ladubbansa. Idan an ajiye maka kwano, ka ce wa na kusa da kai "Bismillah", shi kuma zai ce "Alhamdu lillahi" ko "A ci lafiya". Idan almajiri ya tsaya, ya fi kyau ka saya masa nasa da ka bar masa ragowa. Ka ajiye waya a aljihu, domin tsaro da kuma domin ka san abin da kake ci. Mace mai irin wannan tafiya za ta fi sakewa idan ta zaɓi gidajen abinci da mata ke gudanarwa, ta sayi namanta tun kafin isha ta koma da shi, ta kuma riƙe lambar direban Keke ɗaya da masaukin ya amince da shi. Namiji ko mace, a sanar da wani a gida sunan masauki, kuma kada a yi nisa zuwa bayan gari da dare.

Lafiyar ciki ita ce za ta iya ɓata tafiyar gaba ɗaya, don haka ka kula da abubuwa kaɗan. Ka ci abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ka sha ruwan gora ko na leda mai lambar NAFDAC. Kunun aya yana saurin lalacewa idan ya bar sanyi, saboda haka idan ka ji ya fara tsami ko gorar ta kumbura, ka bar shi. Zoɓo da kunun zaƙi ka saye su inda ake ajiye su a firiji, ba inda aka jefa ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba. Mai ciwon suga ya yi hankali da fura da kunu da rake, mai gyambon ciki ya rage yaji da tsamin yakuwa, wanda kuma jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ya tuna cewa tana cikin tsire da kilishi da miyar taushe, har da fate a wasu gidajen. Ka sa gishirin ORS, wanda ake sha idan gudawa ta kama mutum, guda biyu a jaka, ba su da nauyi.

Ranar Lahadi ka tattara kayanka da safe ka nufi Samaru, inda abinci ya bi aljihun ɗalibai: ɗanwake da mai da yaji da dafaffen ƙwai, awara mai zafi, alale, shinkafa da wake, da Indomie a wurin mai shayi. Idan jami'a na hutu, masu sayarwa da dama suna rufewa, don haka ka tambaya kafin ka hau mota. Samaru tsohuwar cibiyar binciken aikin gona ce tun 1922, kuma irin masara da dawa da wake da gyaɗa da yawa da manoman Arewa ke shukawa daga can aka inganta su, don haka zagaya kasuwarta ka ga hatsi da kayan lambu yana da nasa daɗi ga mai son abinci.

Tsaraba ka saye ta a ƙarshe, kuma ka zaɓi abin da zai jure hanya. Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dakuwa da alkaki duk suna kwana ba su canza ba. Mazarƙwaila, wadda ake dafawa daga ruwan rake a ƙasar Makarfi da kewayenta, tana da sauƙin ɗauka kuma tana daɗewa. Kilishi ka duba ya bushe sosai, a naɗe maka shi a takarda, domin leda tana sa shi gumi ya yi laushi. Fura za ta kai Kaduna ko Kano lafiya idan ba a haɗa ta da nono ba, amma nono da kunun aya ka bar su sai in kana da kula mai ƙanƙara. Idan Kaduna ka nufa, kana iya tsayawa a Ɗanmagaji ka ƙara da kayan marmari kafin ka hau mota. Ka kasance a tasha kafin ƙarfe 2 na rana, domin mota takan ɗauki lokaci kafin ta cika, kuma ana so ka isa gida kafin magariba.